Sheburin Azurfa da Ya Lanƙwashe a Scarbeck

Zuwa ga Masu Girma Daraktocin Kamfanin Jirgin Ƙasa na Kwarin Scarbeck,
Ta hannun jaridar gari, 10 ga Afrilu, 1867.

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman afuwa, don ban taɓa rubuta wa manya wasiƙa ba. Sunana Tabitha, 'yar Enoch Holroyd, leburan da kuka sallama ranar Litinin.

Ina taya ku murnar bikin fara haƙa hanyar jirgi. Kai, Asabar ta yi daɗi! Ga badujala, ga tutoci, ga shebur na azurfa yana walƙiya a kan jan ƙyalle! Ni da 'yan ajinmu muka yi ta tsalle har Malama ta harare mu. Sai dai akwai 'yan abubuwan da ƙaramar ƙwaƙwalwata ta kasa ganewa.

1. Kowa ya san azurfa ba ta haƙa ƙasa. Shi ya sa tun da safe aka sa Baba ya yanka ƙasar da sheburinsa na ƙarfe, ya mayar da curin gurbinsa, ya kafa farin tsinke a kai, domin Mai Girma Shugaban Kamfani ya zo ya ɗaga kawai, mu tafa. Ashe duk yawanku ba wanda ya gaya masa amfanin tsinken?

2. Mai hoto ya ce rana ta yi wa Shugaba yawa a fuska. Sai Shugaba ya matsa taku uku hagu, ya tuɓe kwat, ya tofa yawu a tafin hannu yadda ya ga leburori suna yi, ya taka shebur da dukan nauyin da Allah ya ba shi. Dutse ne a wurin. Shebur ya naɗe kamar kunnen kare! Wani ɗan badujala ya yi dariya a cikin ƙahonsa, ƙahon ya yi wani irin kuka. Misis Ackroyd mai gidan burodi ta ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, a miƙo maka cokalin shayi ka ƙarasa?" Ina tabbatar muku ban yi dariya ba. Hankicina na ciza har ya ɓule.

3. Takardar sallama ta ce Baba "ya bar dutse a filin biki." Na tambayi Malama, ta ce dutsen ya riga garinmu zuwa wurin. Shi ma an ba shi tasa takardar? Baba dai cewa ya yi, "Tabby, da na san mutumin yawo zai yi, ai da filin duka na yanka masa." Mama ta ce, "Rufe mana baki, Enoch, barkwancinka za mu ci da rana?"

4. An zana a jikin sheburin cewa da shi aka fara haƙa hanyar. A makaranta ana tsayar da mai ƙarya a kusurwa, amma ba a koya mana hukuncin ƙaryar da aka rubuta a kan azurfa ba. Ba na neman a sa sunan Baba. Ko an sa, ba zai iya karantawa ba.

Roƙona ɗaya ne: ku mayar da shi bakin aikinsa. In ba haka ba, Litinin mai zuwa zan ajiye littattafaina in shiga masaƙa.

Na kuma ji cewa wata mai zuwa Shugaba zai aza harsashin babbar gada da cokalin gini na azurfa. Kun san leburorinku duka sun rantse ba mai shirya masa kwaɓin? Kowa na tsoron takarda. Baba ne kaɗai ya ce zai yi, kuma zai tsaya a baya ya riƙe gefen rigar Mai Girma da ladabi, kada ya matsa.

Taku mai biyayya matuƙa, wadda ke durƙushe har ƙasa, inda babu dutse,

Tabitha Holroyd
Aji huɗu, Makarantar 'Yan Mata ta Scarbeck