Kamun Ƙafa a Tsakiyar Gulbi

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ci wainar Inna Hajo ba, na kuma yi mata alkawarin da ya fi ƙarfin bakina.

Babana mai fito ne a gulbin Rima, kusa da Goronyo. Da ya ga na fara tsawo sai ya riƙa bar mini jirgin da hantsi. Cikin waɗanda nake ƙetarewa da su akwai malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, mai zuwa daga Wurno da farar riga da laima. A kan tudu ba ka isa ka matso kusa da shi ba, amma a tsakiyar ruwa ba shi da wurin gudu, daga shi sai ni sai kifaye. Inna Hajo mai waina ce ta fara gane haka. Shanu ne ke tattake mata albasa a fadama in za su sha ruwa, tana so a karkatar da burtalinsu. Ta ce in sa mata baki wurin malam, ta cika mini kwano da waina (na ce kwano ne don kunya, amma da an tara abin da na ci a watan nan, da ya datse gulbin).

Gulbi da hantsi kuwa wuri ne mai sace hankali. Ruwa ya kwanta luf, balbelu na tashi fari fat, jirgi na tafiya kamar ba ya son isa. Da na tsoma filafili sai in fara tsara jawabi a zuci. In ga malam yana share hawaye. In ga labarina ya kai Sakkwato, an naɗa mini rawanin da sai ƙarti sun riƙe jelarsa, mutanen Rabah da Rara sun cika ƙofar gidanmu suna jiran in kai kukansu gaba. Har Bature nakan gani ya cire hula yana neman shawarata a kan albasa. Sai kawai in ji jirgi ya daki gaɓa.

Ana nan mai shela ya zagaya kasuwa da sabuwar doka: an hana kamun ƙafa wurin ma'aikatan En'e. Ɗan kamun ƙafa, in ji shi, shi ne wanda ya ɗauki maganar wani, ya ci lada a kanta, ya kuma kai ta kunnen ma'aikaci. Wanda ya haɗa ukun nan, hukuma ta yanke hulɗa da shi da gidansu. Kafin la'asar wani ya tsegunta, dogari ya tasa mu gaba, ni da Baba da Inna Hajo, zuwa zauren hakimi. A hanya Baba ya faɗa mini a hankali cewa in laifin ya tabbata, fito ya bar gidanmu ke nan.

Na ji tsoro, ba ƙarya. Amma can wani lungu na zuciyata daɗi yake ji: doka sukutum tun daga Sakkwato, saboda ni.

Wakilin hakimi ya tambaya ko na ɗauki maganar wani, na ce na ɗauka. Ko na ci lada? Inna ta riga ni amsawa, ta ce har da suɗe kwano. Ko na kai wa malam? Na dubi Baba, na dubi jama'a, son girma ya rinjaye ni. Na ce na kai, har na maimaita jawabin tun daga "Allah shi gafarta malam" zuwa wurin hawaye. Wallahi a lokacin na yarda na faɗa masa.

Wakili ya juya ga malam, wanda ke zaune a gefe.

"Ranka shi daɗe, wanga yaro bai taɓa ce min komi ba," in ji malam. "Baki buɗe shike tuƙi, shina murmushi shi kaɗai, har na ɗauka ba shi da lahiya. Sau guda dai yac ce min ruwa ya ja baya bana."

Dogari ya kasa riƙe dariya, kowa ya bi shi. Inna kaɗai ba ta dara ba.

"To ɗan nan, wainata hwa? A kan mi kac ci ta?"

Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar zauren kuwa daɓaɓɓiya ce.

Wakili ya ce biyu cikin uku ba kamun ƙafa ba ne, sunansa kwaɗayi, kuma shari'ar kwaɗayi ta uban yaro ce. Ya ce wa Inna doka ba ta hana mutum faɗin kukansa da bakinsa ba, ga ta ga malam. Ta faɗa cikin numfashi guda, malam ya ce zai zo ya duba.

Tun ranar na koyi in riƙa taɓa leɓena in ji ko yana motsi kafin in ce na yi magana. Fito dai ya zauna a gidanmu, amma filafili ya koma hannun ƙanena. Ni kuwa Baba ya ba Inna arona, na yi ta korar shanu daga gonarta har aka cire albasa, don malam bai zo duba burtalin ba sai da damina ta faɗi.