Yadda Za Ka Ƙone Harawar Surukinka da Salansar Mota

Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin kafin la'asar babu harawa, babu aure. Ni Haulatu, ta Zango, shekara uku na yi ina karatun gyaran mota, ni kaɗai mace a aji. An gwada wannan hanya a bayan gidanmu, kuma Kalilu, mai nemana a lokacin, shi ya gwada ta.

1. Ka sauke motar ƙasa

A rage mata tsayi har cikinta ya riƙa sharar hanya. A sa mata salansa mai ƙara, yadda idan ka tayar a Daura za a fara toshe kunne a Zango. Masana sun ce mutuncin saurayi a ƙarar motarsa yake.

2. Ka cire farantin da ke tare zafi

A ƙarƙashin mota akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi. Zafinta ya fi na murhu, shi ya sa aka lulluɓe ta da farantin ƙarfe. Idan ya fara kwaramniya, kada ka ɗaure shi. Ka yar.

3. Ka bar fulogi ɗaya a mace

Ɗanyen fetur zai gangara ya ƙone a cikin tukunyar har ta yi ja. Idan wutar gargaɗi ta kama a gabanka, ka liƙa mata hoton kanka.

4. Kada ka saurari budurwarka

Wannan shi ne babban mataki. Na ce, "Kalilu, injin nan na tsallake, fulogi ɗaya ya mutu. Cikin motarka wuta ce."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, injiniya! Mota kuma ai ba tukunyar tuwo ba ce."

Sau huɗu na faɗa cikin wata biyu. Abokansa suka riƙa gaishe ni da "Hajiya Sifana". Na shanye. Wadda ta kwanta ƙarƙashin tifa maza talatin na mata dariya, wannan ba ya hana ta cin abinci.

5. Ka ɓoye motar

Ka zo zance da rana tsaka, bayan ka yi tsere tun daga Daura. Kada ka tsaya a ƙofar gida, inda 'yan hisba za su ga baƙin gilashi su fara tambaya. Ka zagaya baya. Can Baba ya shanya harawar gyaɗa, abincin bijimansa biyu har damina. Ka hau kanta da motar, tana da laushi.

6. Ka zauna ka yi fira

Minti goma ya isa. Iya, kakata, ita ta fara leƙowa zaure.

"Ke Haulatu, wa ke suyar gyaɗa ba a sammini ba?"

"Iya, ba suya ba ce. Angonki ne ya zo da murhunsa."

Ka ruga, ka ja motar, ka bar mata da yara da bokitai. Mu muka kashe wutar. Ko dami ɗaya bai tsira ba.

7. Ka ɗora wa ƙaddara

Kalilu ya durƙusa ya ce, "Baba, haka Allah ya so."

Baba ya dubi tokar, ya dubi bijimansa, sannan ya juyo gare ni. "Kin san haka za ta faru?"

"Na faɗa masa sau huɗu, Baba."

"Me ya ce?"

"Ya ce mota ba tukunyar tuwo ba ce."

Baba ya ce, "To, tashi, Kalilu. A salansa ma ba ka ji maganarta ba. Ranar da ta ce maka yaro ba lafiya fa?"

Washegari aka mayar wa gidansu Kalilu da kayansu na neman aure. Ban yi kuka ba. Harawar na yi wa.

Hattara: ba ni da alhakin duk abin da ya ƙone, harawa ce, ko taya, ko ranar aure. Kada ka aiko mini da ƙanwarka ta ba ni haƙuri. Idan motar na bukatar gyara, rumfata na bakin hanyar Baure. Ka zo da wuri, ka kashe injin a kan yashi, kuma idan na yi magana, ka rufe baki.