Ƙaton Ɓeran Kende

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ilimin kimiyya ya kusa yin ƙaura daga Amurka ya dawo Kende ba. Kowace al'umma akwai ranar da ɗaukaka take yi mata sallama. Mu tamu cikin buhun masara ta zo, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina ƙaramin malamin firamare mai biro biyu a aljihu da ra'ayi a kan komai.

An ce mana sufeton makarantu zai zo daga Birnin Kebbi ya zaɓi malami guda a tura shi kwas ɗin kimiyya a Zariya. Mu biyu muke nema, ni da Malam Garba, wanda iyakar shirinsa shuka wake a gwangwani. Har tausayinsa na ji.

Ni kuwa na taɓa karantawa a wata tsohuwar mujallar Turanci cewa masana a Amurka sun samu wasu ɓeraye masu ƙiba ta gado: ci ba ƙoshi, jiki yana ta kumbura, sukari ya yi yawa a jini, kuma ba sa haihuwa, sai dai a samo irin daga 'yan'uwansu sirara. Da su ake nazarin ƙiba da ciwon sukari na ɗan Adam. (Shafi ɗaya da rabi na karanta, sauran an ƙunshe ƙosai da shi.)

Ana haka sai hedimasta ya sayo masara daga Dahome. Ana kwance buhun wani ɓera ya gangaro, ƙato, cikinsa yana jan ƙasa, gudu ma ya gagare shi. Na kife shi da hulata. Ɓera mai ƙiba, kuma daga ƙasar waje! Me ya rage?

Na haɗa keji biyu da waya. Na sa shi a ɗaya, a ɗayan na sa wani siriri da na kamo a rumbu, ina ba su abinci iri ɗaya. Na yi sikeli da murfin gwangwani biyu, ina auna su da 'ya'yan tsamiya. Siririn yana nan yadda yake, ƙaton kuwa kullum sai na ƙara tsamiya. Batun sukari ma ban bar shi ba. Tsofaffinmu da tururuwa suke gane ciwon, idan ta taru a kan fitsarin mutum. Na shimfiɗa takarda a ƙarƙashin keji, tururuwa ta taru. (Ta taru a ƙarƙashin na siririn ma, saboda ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, amma wannan ban rubuta ba.)

Inna Kulu, mai sayar mana da koko a bakin makaranta, ta leƙo wata safiya ta daɗe tana kallon kejin.

"Malam, wanga kusu naka, ka duba cikinai da kyau kuwa? Ni dai ina ganin..."

"Inna, wannan kimiyya ce," na katse ta. "Ba a ganinta da ido kawai."

"To, Allah shi ba da sa'a," in ji ta, ta koma kan tukunyarta.

Ranar da sufeto zai zo, tun da sassafe na lulluɓe kejin da farin ƙyalle don kada a riga shi gani. Na cika allo da jadawalin tsamiya. Sufeton ya iso, mutum mai jiki, wanda sai da kujerar hedimasta ta yi ƙara kafin ta amince da shi. Ya dubi waken Malam Garba, ya gyaɗa kai, ya wuce ajina.

Rabin sa'a na yi ina bayani. Na ce ƙiba gado ce, ba laifin mai ita ba ne. Nan sufeto ya gyara zama, fuskarsa ta washe, har ya ce, "Madalla, Malam, wannan magana ya kamata maiɗakina ta ji." Na ga Zariya ƙiri-ƙiri a gabana. Sai na ɗaga murya don mutanen da suka taru a bakin taga su ji:

"Babbar alamar wannan irin, ranka ya daɗe, ita ce ba sa haihuwa har abada!"

Na fizge ƙyallen.

Ɓerana yana kwance a gefe ɗaya, ya saɓe kamar jakar da aka zazzage. A jikinsa wasu jajayen abubuwa sun yi layi kamar gyaɗar da aka ɓare, suna tsotso. Sufeto ya sa tabarau, ya sunkuya, ya zare biro ɗaya daga aljihuna, ya shiga ƙirga su da shi.

"Malam, ka ce ba sa haihuwa?"

"A Amurka, ranka ya daɗe."

Daga taga sai muryar Inna Kulu: "Barka da arziki, Malam! Yaushe za a yi suna, in dama koko?"

Dariyar da aka yi, na tabbata masunta sun ji ta a bakin kogi. Sufeto ya yi har ya share hawaye, sannan ya dubi tumbinsa ya ce shi kam ba shi da wannan mafitar. Malam Garba ya tafi Zariya. Wakensa ya tsiro, kuma wake ne, kamar yadda ya faɗa.

Abin da na koya ban same shi a mujalla ba: idan tsohuwa ta fara magana, ka bari ta kai ƙarshe, ko da kana da biro biyu. Har na bar Kende, iyayen yara suna tambayata lafiyar mai jego.

Tara ta haifa. Na riƙe su har suka girma, ko Allah zai sa. Duk sirara ne.