Kwamfutar da Ba ta Gajiya da Gaisuwa

Wani ne, bawan Allah, ya yi 'yan watanni yana koyon rubuta wa kwamfuta umarni a Samaru, sai ya buɗe shago a Sabon Gari. Yaron kirki ne, kan ne dai babu gishiri. Yana neman auren Keziya. Ubanta, Baba Gregory na Zabi, ya ce zai zo ya ga sana'ar da za ta ci da 'yarsa.

Gogan ya haɗa kwamfuta da lasifika. Ya rubuta mata: ki yi ta gai da baƙo, kina ƙirga gaisuwar daga sifili, in lissafi ya zama uku cif, ki yi shiru. Wai don ta yi sauri, ya ce ta riƙa ƙirga bibbiyu. To, 'ya'yan nan, biyu, huɗu, shida, ina uku?

Baba ya shigo.

"Barka da zuwa, Baba!"

"Yauwa, barka kadai."

"Barka da zuwa, Baba!"

"Yauwa, 'yar albarka."

Baba kuwa dattijo ne, tun da yake bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Tana gaisuwa, yana amsawa. Shayi ya huce. Masu doya suka bar doyarsu suka zo kallo. Gogan ya zare waya daga bango, ashe batir cike yake.

"Ɗana, ba ta da numfashi ne?"

"Baba, kusa take da uku!"

"Ka ce ta zauna haka nan, mun gaisa!"

Da ƙyar aka kai Baba gida a keke napep, murya ta dishe.

Gogan ya wuni yana gyara, ya ƙara mata sallama, sai ya juya sharaɗin bisa kuskure, sallamar ta koma farko. Baba ya daure ya dawo. Ƙafarsa ɗaya na cikin shago ta ce, "Sauka lafiya, Baba, a gai da gida!"

"Gida zai ji," in ji Baba, ya juya.

Gogan ya bi shi har bakin titi, ya zube.

"Baba, maganar Keziya fa?"

"Ka zo gida gaisuwa. Ranar da zuwanka ya zama uku cif, na ba ka ita."

"Na gode, Baba! Allah ya ja kwana!"

"Amin. Amma ka sani, ni ma bibbiyu nake ƙirgawa."