Goggo a Motar Tsere

Wani ne a nan Unguwar Hajji, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa sun girma. Matarsa Zaituna ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, can wata ruga a bayan Falgore. Ta haihu, aka yi suna, aka yi arba'in, shiru. Wata biyar bawan Allah yana bin tuwon maƙwabta, duk ya rame. In ya aika, sai uwar yarinyar, Goggo Maiturare, ta ce a faɗa masa ba a ɗaukar jikanta a kan keke. Sai dai ya zo da abin hawa na mutunci.

Ana nan sai wani Bature cikin masu aikin dam ɗin Challawa zai koma ƙasarsu, ya sa motarsa a kasuwa. Ja ce, 'yar mitsitsiya, ba rufi, kujera biyu rak, cikinta kamar ya shafi ƙasa. Irin ta tsere. Duk masu hankalin Ƙaraye suka leƙa suka wuce. Gogan naka ya sayar da bijimi guda ya karɓe ta.

Barau mai faci ya zagaya ta, ya ce, "Ina za ka sa buhun gyaɗa?"

"Kai fa baƙauye ne. Wannan ba ta dako."

"To ina rufinta?"

"Rufi ai nauyi ne. Ku ɗaga ku ji!"

Wallahi mutum huɗu suka cira ta sama suka juya mata fuska gabas. Ya ce, "Kun gani? Ga araha, ga rashin nauyi. Mai kuwa sansanawa kawai take yi."

Sati biyu yana koyon tuƙi a filin ƙwallo, kaji uku suka riga mu gidan gaskiya. Ran nan ya sha babbar riga, ya nufi ruga. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kwashi gaisuwa. Kun san mutanen nan da kunya, suruka ba ta yi wa mijin 'yarta magana kai tsaye. Sai ta dubi yayanta, Bappa Sulle, ta ce, "Faɗa masa sai na gwada motar da kaina. Ya kai ni Rogo wurin ƙanwata Kande. In na sauka lafiya, gobe ya ɗauki iyalinsa."

Goggo ta shiga ta zauna. Shi ma ya buɗe ƙofa zai shiga, sai ya daskare. Kujerun nan a manne suke. In ya zauna, kafaɗarsa a jikin tata. In zai sa giya, hannunsa a gwiwarta. Shi da ko ido bai taɓa haɗawa da ita ba!

Bappa ya ce, "Subhanallahi! Kafaɗa da kafaɗa da surukarka? Kai a gidan wa aka rene ka?"

"To Bappa, ko ta hau baya, kan but?"

"Buhu ce ita?"

Aka yi shawara, aka kawo tabarma aka tsayar a tsakaninsu. Ya tayar da mota, ta yi wani gurnani, shanu suka watse. Ko bakin ruga bai kai ba iska ta naɗe masa tabarmar a fuska. Sai ga su tsamo-tsamo a tsakiyar gonar gyaɗar mutane, Goggo tana ta salati.

Bappa ya iso da sanda, ya ce, "Kashe abin nan kafin in kashe ka!"

Mutumin ya yi tsaye, ya tuna wata biyar na tuwon maƙwabta, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya naɗe babbar riga, ya soke takalmi a hammata, don ba a sa takalmi a gaban suruka, ya koma baya ya fara turi. Ita kuwa Goggo ba ta taɓa shiga irin wannan mota ba, ta ɗauka haka ake tafiya da ita. Ta gyara zama ta ciro goro.

In an zo kwana sai ya zagayo, ya durƙusa, ya ce, "A gafarce ni," ya murɗa sitiyari, ya koma baya. In an zo gangara kuwa, abu ba nauyi, sai ta tsere masa, ya bi ta a guje ba takalmi yana, "Tsaya! Don girman Allah tsaya!"

Wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce, "Alhaji, mai ne ya ƙare? In kawo maka galan?"

"Tanki cike yake! Wuce ka ba ni wuri, tarbiyya ce!"

Tun hantsi, sai bayan la'asar suka shiga Rogo. A ƙofar gidan Kande ya zube warwas, tafin ƙafa duk ya kumbura, ƙirji yana sama yana ƙasa. Goggo ta sauko a natse, ta gyara mayafi.

Kande ta ce, "Maraba da Yaya! Ya hanya?"

"Alhamdulillahi. Mota ce ta kirki, Kande. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba ta kaɗa wa mutum ciki."

Daɗi ya kashe gogan. Daga kwance ya ɗago kai da ƙyar, ya ce, "Inna Kande, a tambayar mini, gobe in zo in ɗauki iyalin?"

Goggo ta juya ta dubi bango, ta ce, "Kande, faɗa masa ya je ya sha fura wata uku ya yi ƙwari tukuna. Ni da ba ni da nauyi ji yadda yake haki, balle mai jego da goyo a baya!"