Ranar Da Na Ba Tayoyin Nasara Iska

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya a duwatsun Gera ba, ko da ranar da zan fara kiran jikokina da sunan juna ta zo (ta ma zo, amma wannan wani zance ne). Na ga gara in faɗa da bakina, domin labarin ya riga ya zaga unguwannin Digel da Ngeli a Injamena, kowa yana ƙara masa gishiri. Akwai wani mai shayi a unguwar Kilemat da yake rantsuwa wai an kwaso mutane a karye. Ƙarya yake yi. Ba abin da ya karye ranar sai girmana.

Ni tsohon ɗan babur ne. Tun gashina yana baƙi nake haye gadar Ngeli zuwa Kusuri ta Kamaru, in ɗauko sukari da sabulu da taliya, in lafta wa babur kaya har sai ba a ganin komai nawa sai hula. Boko ma na taɓa, kada wani ya raina ni. Na ɗan zauna a lakwal, wato makarantar Faransanci, kafin ni da malamin mu fahimci cewa jininmu bai haɗu ba. Faransancin da na fito da shi ya ishe ni in gaida ɗan duwan, wato kwastan, in kuma ba shi haƙuri.

To, ina da suruki, Abakar, mijin 'yata ta fari (ita ba zan ambaci sunanta ba, kun san al'ada). Aikinsa shi ne kai baƙi yawo a kan babura, irin masu dogayen ƙafafu kamar raƙuma. Mutum ya bar gidansa mai sanyi a ƙasarsu, ya zo a shiga da shi daji kwana da kwanaki, ya ci ƙura, ya kwana a tanti, kuma shi zai biya. Abakar ya daɗe yana bin bayan wasu a matsayin mataimaki. A wannan karon ne maigidansa ya ce ya ja tafiyar da kansa, ya kuma faɗa masa ƙarara: in baƙi sun dawo lafiya suna yabo, aikin ya zama nasa, in wani ya kawo ƙorafi, akwai samari da yawa suna jira. Ga matarsa da tsohon ciki.

Da ya zo yi mini sallama, ya durƙusa a bakin tabarma kansa a sunkuye, sai na ji bakina ya ce, "Gera za ku? Ai kuwa na kwana biyu ban leƙa can ba."

Kun san suruki. Ba ya iya ce mini a'a, ba ya ma iya kallon idona. Ya tsura wa tabarma ido kamar an rubuta masa amsa a jikinta, can ya ce, "To, Baba."

Daga bayan ƙyaure 'yata ta ce, "Baba, tafiyar aiki ce fa."

Na ce, "Ai aikin zan taya shi. Wa ya fi ni sanin babur a garin nan?"

Ranar tashi na nemi a ba ni babur ɗaya. Aka ba ni in gwada a tsakar gida. Na hau da ƙyar, na miƙa ƙafa ina neman ƙasa, ƙasa ta ce ba ta san ni ba. Sai da mutum biyu suka tare ni. Aka yanke hukunci cikin ladabi cewa babban mutum irina ya fi dacewa da motar kaya. Haka na tafi Gera, tukunyar gas a dama, buhun albasa a ƙafa, kusa da Adum, direba kuma makanikin tafiyar, Bashuwa mai baki kamar reza. Tun daga ƙofar gari yake kirana Shayib, wato tsoho, kamar ban san shekaruna ba.

Bayan garin Bitkin muka bar kwalta. Duwatsu ne jibga-jibga, wani a kan wani, sai ka ce wani ƙato ne ya jera su ya manta. Ƙauyukan Hajarai, mutanen yankin, a maƙale a gindinsu, birai a sama suna kallonmu. Baƙin kuwa da sun shiga gargada sai su miƙe tsaye a kan baburan. Na ce wa Adum, "Dubi ikon Allah, an yi musu kujera sun ƙi zama." Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce Madam Kiler, wata Bafaranshiya mai furfura, kusan sa'ata. Kullum tana gaba, tana tsallake ramuka, ni kuma ina baya ina rungume da albasa. Na sa a raina sai na nuna wa mutanen nan cewa ba kaya aka ɗauko ba.

Wata yamma muka sauka kusa da wani babban wadi, busasshen kogi mai rairayi, wanda za a bi ta cikinsa washegari. Abakar ya tara baƙi yana yi musu bayani da Faransanci, yana zane a ƙasa da tsinke. Faransancin nan gudu yake yi, ban kama komai ba sai "gobe" da "rairayi". Amma ina ta gyaɗa kai, har na fi baƙin.

Adum ya zunguro ni. "Shayib, ka fahimta, ko in juya maka?"

Na ce, "Wi, wi. Tun kana tsumma nake jin yaren nan."

Na tashi na tafi haɗa shayi. Daga nesa na hango shi da Abakar suna tsugunawa a gindin kowace taya. Na ce a raina, madalla, yara suna duba aikinsu.

Da na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, kowa yana cikin tanti, sai na bi ta wajen baburan. Ɗan babur ba ya wuce taya bai taɓa ta da ƙafa ba, ciwo ne da ba ya warkewa. Na taɓa ta farko, lagwaf. Na taɓa ta biyu, lagwaf. Na bi su kaf, gaba da baya, duk sun yi laushi kamar tumatir na jiya. Na ce innalillahi, ƙayar Gera ta gama da mu! Kuma yaran nan sun duba jiya ba su gani ba!

A Ngeli doka ɗaya muka sani: taya sai ta yi tauri, ka ƙwanƙwasa ta amsa kamar ganga. Wanda ya ɗora buhunan sukari a kan taya mai laushi, shi da kayansa a tsakiyar gada za su kwana. Na lallaɓa mota. Akwai injin ba da iska, amma yana da ƙara, ni kuma ba na son in tashi baƙin surukina. Sai na ɗauko famfon ƙafa. Na tattare riga, na kama aiki. Jama'a, na sha wuya. Gwiwata tana kuka, gumi har cikin ido, amma ban bar taya ɗaya ba sai da ta amsa mini. Na mayar da famfo inda yake, na zauna ina jan carbi. Ban gaya wa kowa ba, saboda alherin da aka ɓoye ya fi lada (lada nake nema, ku lura).

Aka karya a gurguje don a riga rana, aka tashi. Daga sansani zuwa bakin wadi tsakuwa ce, ba wanda ya lura da komai. Mu muka tsaya da mota a kan gaɓa muna kallo, su suka gangara.

Wanda ya fara faɗuwa wani ƙaton lauya ne daga Kamaru. Tayar gabansa ta nutse, ya wuce ta saman kan babur kamar an aike shi. Na bayansa ya kauce masa, shi ma ya kwanta. Abakar kansa sai tangaɗi yake yi kamar ɗan koyo. Adum ya ce, "Ya Rabbi, yau me ya same su?" Ni kuwa (Allah ya yafe mini) cewa na yi a zuci, Allah ya taimake su na ba su iska, da abin ya fi haka muni.

Sai Madam Kiler. Ta shigo da gudu kamar yadda ta saba, gaban babur ya murɗe, ta bugu da ƙasa, babur ya danne mata ƙafa. Ƙura ta lafa. Matar nan ba ta motsa ba.

Ban taɓa ganin Abakar yana gudu irin na ranar ba. Ya yar da babur ɗinsa, yana faɗuwa yana tashi cikin rairayi. Muka gangara ni da Adum, ba abin da nake gani sai fuskar 'yata. Aka ɗaga babur. Madam ta yi tari, ta tofar da rairayi, ta motsa ƙafa. Dogon takalmin nan nasu mai tauri ne ya cece ta, sai ƙujewa a hannu. Ta zauna ta fara zuba wani irin Faransanci da ba a koya mana a lakwal ba. Tana cikin haka ta kai hannu ta matsa tayarta. Ta kira Abakar.

Ya zo ya matsa tayar. Ya je ya matsa ta lauya. Ya ciro abin awon iska ya sa, ya daɗe yana kallonsa. Ya juyo kan Adum da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Adum! Ba tare muka sace iskar nan jiya ba?"

"Wallahi tare! Kai da kanka ka auna!"

"To wa ya ba tayoyin nan iska?"

Ni fa kalmar "sace" ta wuce ta gefen kunnena, tambayar ƙarshe kawai na ji. Na ce to, Allah ya tona asirin alheri. Na gyara hula, na yi gyaran murya, na tako gaba a tsakiyar mutane.

"Ni ne. Ba sai an gode mini ba."

Adum ya buɗe baki ya kasa rufewa. Abakar ya dube ni, karo na farko tun da ya auri 'yata ya kalli tsakiyar idona, sannan ya tuna ko ni wane ne. Ya sunkuyar da kai. Ya durƙusa a cikin rairayi, ya ce:

"Sannu da aiki, Baba."

Da mari ya ba ni da ya fi sauƙi.

Adum ne ya ja ni gefe. "Shayib, ka taɓa ganin tafin raƙumi? A rairayi rage iska ake yi, taya ta baje ta hau sama. Mai tauri yanka take yi ta nutse. Abin da aka yi ta bayani jiya ke nan, kana wi, wi." Ni da na girma ina kallon raƙuma! Na ji kamar wadin ya buɗe in shige.

Madam ta matsa sai an gaya mata abin da ake ciki. Sai na ji Abakar yana magana a hankali, kuma abin haushi, wannan karon na fahimci Faransancin sarai. Cewa yake yi laifinsa ne, shi ne bai sake dubawa da safe ba. Yaron nan zai ajiye aikinsa a ƙasa don kada a yi wa uban matarsa dariya.

Na ce a'a, wannan kam ba da ni ba. Na tattaro ɗan abin da ya rage mini na lakwal, na tsaya gabanta, na bugi ƙirji. "Madam, non. Se muwa. Muwa pompe." Wato a'a, ni ne, ni na taka famfo. Na ɗaga riga na nuna mata da ƙafa yadda na yi ta taka famfo, a gaban Nasara, a gaban surukina, hulata tana faɗuwa.

Ta dubi baburan ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi 'yan ƙafafuna. Ta tambayi Adum ko ni kaɗai na yi, kuma da famfon ƙafa. Ya ce ƙwarai. Sai matar nan ta fashe da dariya, tana riƙe haƙarƙari tana cewa wayyo da yarensu. Lauya ya kama, saura suka kama. Adum ya juya mini abin da take faɗa: wai marigayi mijinta haka yake, bai taɓa tambaya ba kafin ya gyara abu, har ya mutu gidansu ba agogo mai tafiya daidai.

Ta yanke mini hukunci: ni na sa, ni zan cire. Adum ya miƙo mini tsinken ashana yana murmushin mugunta. Na bi tayoyin a tsugune, yana auna mini, kowace tana sakin iskar da na sha wuya a kanta da wata ƙara kamar tana yi mini tsaki. Bayan nan suka ratsa wadin sumul, ba wanda ya sake faɗuwa.

Amma dariya a daji daban, abin da za a gaya wa maigida daban. Sauran kwanakin abinci bai yi mini daɗi ba. Ko cokali na ga ya faɗi ba na ɗauka sai na nemi izini. Da muka dawo Injamena, baƙi suka shiga ofis a Kilemat, ni na rakuɓe a gindin dalbejiya a waje kamar mai jiran sakamakon asibiti. Aka daɗe. Can Adum ya fito yana sakace.

"Shayib, numfasa. Ta ce ba ta taɓa samun jagora irinsa ba. Da aka tambaye ta ciwon hannu, cewa ta yi rairayin Gera ba shi da kunya."

"Zancen taya fa?"

"Wace taya?"

Na zauna a ƙasa daɓas ina hamdala. Aikin ya tabbata na Abakar, har yau shi yake jan baƙi. Kuma har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko a gida bai faɗa ba. Adum ne ya ɗauki nauyin watsa ta, Allah ya saka masa daidai aikinsa.

Abin da na koya da tsufana shi ne, kafin ka gyara abu, fara tambaya ko ya lalace. Yanzu ko mutum na gani ya sa riga a baibai, ba na ce masa komai sai na bincika ko likita ne ya umarce shi.