Yadda na zama Baturen Kagara

Ko na tsufa ba zan manta da zuwan 'yan fim Goronyo ba. Wasan barkwanci na talabijin suka zo ɗauka a bakin dam, labarin wani jarumi baƙi wuluk da kullum a fim matsayin mai gadi ko ɓarawo ake ba shi, farare kuma su kwashe soyayya da suna.

Ina cikin loda albasa daraktan ya tsaya yana ƙare mini kallo. Ya ce, "Malam, ka zo ran Asabar ta sama, yadda kake ɗin nan."

Maganar ba ta kwanta mini ba. Yadda nake? Ni da ko a hoton biki sai an kunna fitila ake ganina? Abokina Sanda, fari sol, shi ma an kira shi, kuma na lura tun ranar yake murmushi ba dalili. Na ce lallai akwai abin da aka faɗa masa ni aka ɓoye mini. Shi za a ba babban matsayi, ni a tsayar da ni a ƙofa da kulki.

Sai na hau mota har Achida (don kada wani ɗan garinmu Kagara ya gan ni) na sayo man bilicin. Mai shagon ya ce a riƙa shafa kaɗan. Shi ma ban yarda da shi ba, na riƙa laftawa safe da yamma. Inna ta tare ni a tsakar gida: "Kai, mi as samu huskakka?" Na ce zafin rana ne.

Ran Asabar na isa, goshi ja, kumatu dabbare-dabbare, kunnuwa da wuya na nan baƙi ƙirin. Darakta ya dube ni, ya dafe kai.

"Wa ya aike ka? Ƙanen jarumi za ka fito! Duk garin nan kai kaɗai na gani mai kalarsa."

Ashe Sanda wucewa kawai zai yi da raga a kafaɗa, ko tari ba a ba shi ba. Ƙanen jarumi kuwa, mai magana a kowane kashi, a gabana aka ba wani mai shayi daga Rabah.

Da aka gama dariya, darakta ya ce ko zan tsaya a layin masu neman aiki na cikin wasan, kyamara ta ɗauki fuskata. Na yarda (son suna bai bar ni ba). Daren da aka nuna, ina zaune a gidan kallo kusa da yayan yarinyar da nake nema. Ya dubi talabijin, ya dube ni, ya ce, "Wanga ba kai na ba?"

Har yau Baturen Kagara ake kirana. Yanzu in mutum ya ce in zo yadda nake, ko wanka ba na tsayawa yi.